Pietro Locatelli: Makaɗin gogen da ya mayar da kiɗa gidan ɓata

An haifi Pietro Antonio Locatelli ranar 3 ga Satumban 1695 a garin Bergamo da ke arewacin Italiya. Ya koma Roma a 1711, inda ya goge a kaɗa biyolin, wato gogen Turawa. Bayan ya yi wasa a fadojin sarakunan Jamus, ya zauna a Amsterdam a 1729.

A can ne ya wallafa L'arte del violino a 1733, kundin kiɗe-kiɗe 12 na goge da rakiyar ƙungiyar makaɗa. A cikinsu ya saka gaɓoɓi 24 masu tsananin wuya, waɗanda mai goge ke kaɗawa shi kaɗai. Na ƙarshen ya ɗauki sunansa daga gidan rikitattun lunguna na tatsuniyar Girkawa, wanda shigarsa sauƙi, fitarsa aiki. Haka kiɗan yake: yatsu na hawa can ƙarshen tsirkiya, baka na tsallaka tsirkiyoyi cikin sauri, kuskure ɗaya ya isa ya ɓatar da makaɗi.

A 1741 ya sake komawa tatsuniyar, da kiɗan makokin Ariyadne, gimbiyar da zarenta ya fitar da Tesiyus daga gidan, amma ya yashe ta a tsibirin Naksos.

Ya rasu a Amsterdam ranar 30 ga Maris 1764. Tasirinsa ya bayyana a gaɓoɓi 24 na Niccolò Paganini da aka buga a 1820.