Isaac Singer: ɗan wasan kwaikwayon da sunansa ya zauna a kan keken telolinmu

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah wurin tela a Tasawa ko Mayahi ya san baƙin keken nan mai zanen ruwan zinariya da ake tuƙawa da ƙafa. Wuta ta ɗauke ko ta dawo, shi bai san ana yi ba. A kasuwannin ƙauye, daga Korgom zuwa Kanambakashe, za ka tarar da tela ya kafa shi ƙarƙashin rumfa yana jiran mai yage. Wani keken ma ya girmi mai shi, don gadonsa ya yi. A jikin da yawa daga cikinsu akwai suna guda, Singer. Sunan mutum ne, Ba'amurke, wanda bai taɓa yin sana'ar tela ba, ba shi ya fara ƙirƙiro keken ɗinki ba, kuma irin wannan samfurin da muka saba gani bai taɓa sa shi a ido ba, don sai bayan mutuwarsa aka fito da shi.

An haifi Isaac Merritt Singer ranar 27 ga Oktoban 1811 a Pittstown, cikin jihar New York. Mahaifinsa baƙo ne daga ƙasar Jamus. Gidan bai zauna lafiya ba, iyayen suka rabu, yaron kuma ya bar gida yana da shekara 12 ya nufi garin Rochester. Karatunsa bai yi nisa ba. Ya shiga koyon aikin ƙarfe a wani shago, amma bayan ƴan watanni ya gudu, saboda abin da ransa ke so shi ne hawa dandali. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, mai babbar murya, ya kuma yarda da kansa fiye da yadda ƴan kallo suka yarda da shi.

Shekaru kusan ashirin ya yi yana wannan rayuwa ta yau gari gobe wani gari. Idan aljihu ya bushe sai ya koma aikin hannu. A 1839 ya ƙera injin huda dutse, ya sayar da haƙƙinsa a kan dalar Amurka 2,000 (ba dalarmu ta sefa ba). Mai hankali da ya sa kuɗin a jari. Shi kuwa ƙungiyar wasan kwaikwayo ya kafa, ya sa mata suna Merritt Players, suka yi ta yawo har kuɗin suka ƙare ƙaf wajajen 1844. Daga nan ya ƙera wani injin na sassaƙa haruffan katako don masu ɗab'i, ya samu takardar mallakarsa a 1849. Wannan injin ne ya kai shi birnin Boston a 1850, tare da wani mai harkar littattafai, George Zieber, wanda ke ɗaukar nauyinsa. Ba wanda ya saya.

Sai dai ɗakin da suka kama haya yana cikin shagon wani maƙeri, Orson Phelps, shi kuma Phelps yana fama da wasu kekunan ɗinki na Lerow da Blodgett da ake ta dawo masa da su gyara. A nan ne Singer ya fara duba keken ɗinki da idon basira.

Mafarkin injin da zai yi ɗinki ya riga shi da daɗewa. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya samu takardar mallakar nasa keken tun 1830, har ya buɗe wurin ɗinkin kayan soja a Paris da kekuna kusan 80. A 1831 teloli masu ɗinkin hannu suka afka wa wurin suka farfasa su, don tsoron kada su rasa abinci. Thimonnier ya mutu a talauce a 1857. Kekensa da zare ɗaya yake aiki, ɗinkin sarƙa, irin wanda ake rufe bakin buhun shinkafa da shi: ka kamo bakin zaren daidai, ka ja, duk ya warware. Ɗinkin da ba ya warwarewa shi ne mai zare biyu, na sama a allura, na ƙasa a cikin ɗan ƙarfe mai kai da kawowa kamar ƙoshiyar masaƙi, su harɗe a tsakiyar yadi. Walter Hunt ya gano wannan dabara a New York a shekarun 1830 amma bai yi mata rajista ba. Elias Howe ne ya yi, a 1846.

To, me Singer ya ƙara? A keken da Phelps ke gyarawa ƙoshiyar zagaye take yi. Singer ya ce a sa ta tafi miƙe ta dawo miƙe. Ya tsayar da allura miƙaƙƙiya tana sauka tana hawa daga wani hannu da ya miƙo kan tebur, ya shimfiɗa yadin a kwance, ya sa ƴar ƙafa ta danne shi, da abin da zai riƙa tura shi gaba. Da haka tela zai iya yin dogon ɗinki ba tsayawa, ya kuma juya yadi ya bi lanƙwasa. Duk wanda ya san keken yau ya gane siffar. Zieber ya ba da dala 40, aka yi kwana 11 ana aiki. Kamar yadda Singer ya ba da labari daga baya, a daren gwaji keken ya ƙi ɗinki, kowa ya watse, sai a hanyar komawa masauki ya tuna cewa bai daidaita ƙarfin jan zaren sama ba. Suka koma cikin daren, ya ɗaure, keken ya yi ɗinki. Matsalar da ke sa yaron tela zufa har gobe ke nan, zare ya taru a ƙarƙashin yadi kamar sheƙar tsuntsu.

Ranar 12 ga Agustan 1851 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallaka mai lamba 8,294. A watan Janairun wannan shekarar ne Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a Tasawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Duk rigar da ya gani a kasuwar garin a lokacin da hannu aka ɗinka ta, ƙyalle bayan ƙyalle. Gwanin ɗinkin hannu yakan yi sukar allura wajen 40 a minti. Keken Singer yana iya yin 900.

Halin mutumin ya fito fili da kuɗi suka fara shigowa. Abokan tafiyarsa na farko ya kawar da su ɗaya bayan ɗaya. Phelps aka fara sallama. Zieber kuwa, bisa abin da shi da kansa ya rubuta, yana kwance ba lafiya Singer ya zo ya gaya masa likita ya ce ba zai tashi ba, gara ya sayar da kasonsa ya bar wa iyali wani abu. Ya sayar a kan dala 6,000, ya kuma warke. Wanda Singer ya kasa kawarwa shi ne lauya Edward Clark, da ya shigo kamfanin a 1851 har ya zama mai rabi. Clark mutum ne mai kamun kai, mai zuwa coci, ba su taɓa shan inuwa ɗaya da Singer ba, amma kowanne ya san ba zai iya shi kaɗai ba.

Howe ya kai su kotu kan dabarar zare biyu da allura mai kafa a baki, ya kuma yi nasara. A 1854 suka biya shi dala 15,000. Ƙararraki suka yi yawa tsakanin masu ƙera kekuna har riba ta koma aljihun lauyoyi, sai a 1856 manyansu suka yi sulhu a garin Albany: Singer, Wheeler da Wilson, Grover da Baker, da Howe. Suka tara takardunsu wuri guda, duk mai son ƙera keke sai ya biya su. Wannan haɗaka ta ɗore har 1877.

A ganina, abin da ya kai sunan Singer duniya daga kan Clark ya fito, ba daga hannun mai sunan ba. Keke ɗaya ya haura dala 100, kuɗin da talaka zai yi watanni bai tara ba. A 1856 Clark ya kawo tsarin biya kaɗan-kaɗan: ka ba da kafin alƙalami, ka ɗauki keke, ka riƙa biya duk wata daga abin da keken ya samo maka. Ya kuma riƙa karɓar tsofaffin kekuna yana rage wa masu su farashin sabo, sannan a farfasa tsofaffin don kada su koma kasuwa. Aka buɗe shaguna, aka zaunar da mata suna ɗinki a bainar jama'a, don a rufe bakin masu cewa mace ba ta iya sarrafa inji. Aka baza wakilai masu koyarwa, masu gyara, masu karɓar bashi. Matar da ta karɓi keke yau ta hanyar adashi ko asusun ƙungiyar mata, tana biya daga kuɗin ɗinki, tsohuwar hanya ce take bi.

Rayuwarsa ta gida kuwa ba abin koyi ba ce. Ya auri Catherine Haley a 1830, suka haifi ƴaƴa 2. Bai sake ta ba ya zauna da Mary Ann Sponsler fiye da shekara 20 ba aure, ta haifa masa 10. A ɓoye kuma yana da wasu gidaje biyu a cikin birnin New York, na Mary McGonigal mai ƴaƴa 5 da na Mary Walters mai ɗiya guda, kowanne da sunan da yake amfani da shi. Mai karatu a nan zai ce ai tara iyali ba baƙon abu ba ne. Bambancin shi ne a wurinmu ana ɗaura aure gaban shaidu, kowace ta san da ƴar'uwarta, kowace da haƙƙinta. Shi yaudara ya yi. A 1860 Mary Ann ta gan shi cikin keken doki tare da McGonigal a kan babban titin Fifth Avenue, rigima ta tashi, ta kai ƙararsa cewa ya doke ta, aka kama shi. Da aka ba da belinsa sai ya tsere Landan.

Abin kunyar ya dami Clark, don bankuna sun fara ja da baya. A 1863 aka sake fasalin kamfanin ya zama Singer Manufacturing Company, Singer ya janye daga gudanarwa, ya riƙe hannun jarinsa. A shekarar ce ya auri Isabella Boyer, haifaffiyar Paris, wadda ta haifa masa 6. Jimilla 24 ke nan. Sun zauna a Paris har yaƙin Faransa da Jamusawan Prusiya na 1870 ya kore su zuwa Ingila. A garin Paignton da ke bakin teku ya fara gina ƙaton gida, har da ɗakin wasan kwaikwayo a ciki, tsohuwar zuma ba ta sake shi ba. A can ya mutu ranar 23 ga Yulin 1875, yana da shekara 63. Ya bar dukiyar da ta kai dala miliyan 13, da wasiyya mai rabon da bai zo daidai ba: babban ɗansa William, wanda ya goyi bayan mahaifiyarsa lokacin saki, dala 500 kacal ya samu. Aka yi ta shari'a, kotu ta ce Isabella ce matarsa ta halal. Ɗiyarsa Winnaretta ta zama babbar mai tallafa wa mawaƙa da masana a Faransa, gidauniyar Singer-Polignac da ke Paris tun 1928 da dukiyarta aka kafa ta.

Keken da ke rumfunanmu labarinsa ya fara ne bayan an rufe mai sunan. A 1879 kamfanin ya fito da samfurin da daga baya aka sani da lamba 15. Tun 1867 yana da masana'anta a Glasgow da ke arewacin Birtaniya, a tsakiyar shekarun 1880 kuma ya koma wata babba a Kilbowie, cikin garin Clydebank, wadda a 1913 kaɗai ta fitar da kekuna fiye da miliyan ɗaya. An rufe ta a 1980. Bayan yaƙin duniya na biyu Japan ta kwaikwayi samfurin 15, ƙasar Sin da Indiya ma suka yi. Butterfly na Shanghai da ya cika kasuwanninmu jikansa ne. Shi ya sa makaniken keke zai ciro ƙarfe daga wannan ya gwada wa wancan, sau da yawa ya zauna. Allurar keken gida ma ana kiranta 15x1, daga lambar wannan samfurin.

Ga mai shirin sayen tsohon keke, ko dangin da ke rabon gado an rasa yadda za a yi masa kuɗi, fenti da zanen zinariya ba hujja ba ne, ana iya sake su. A duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen shimfiɗar keken, ta gefen dama, gaban ginshiƙi. Kamfanin ya riƙa rubuta lambobin nan a kundi: ranar da aka ware rukunin lamba, wane samfuri, guda nawa. Kafin 1900 lamba ce zalla. Daga 1900 aka fara sa harafi a gaba. Harafin Y na Kilbowie ne, daga farkon shekarun 1920 zuwa 1935, daga nan aka shiga haruffa biyu masu farawa da E. Na masana'antar Elizabethport ta Amurka daga 1924 suna farawa da A. Idan kuma an ce samfurin 15K, K ɗin Kilbowie take nufi, 15B kuwa ƙirar Bonnières ce ta Faransa. Ƙungiyar masu tara tsofaffin kekuna ta ISMACS tana adana jerin lambobin, gidan tarihi na Clydebank kuma yana riƙe da kekuna da takardun masana'antar.

Abu biyu ne ke ruɗa mutane. Ranar da ke cikin kundi ta ware lamba ce, keken kansa yana iya fitowa bayan makonni ko watanni. Sannan akwai kekunan da ke ɗauke da ɗan tambari mai shuɗin baki da aka rubuta 1851 da 1951 a kansa, har mai sayarwa ya rantse maka keken na zamanin Singer ne. Tambarin cikar kamfanin shekara 100 ne, kekunan da ke ɗauke da shi ƙirar wajajen 1951 ne.