Mariya Montesori, likitar da ta koma renon yara

An haifi Mariya Montesori a ƙasar Italiya cikin shekara ta 1870. Ta zama likita a 1896, zamanin da ba a saba ganin mace cikin wannan aiki ba. A 1907 aka danƙa mata ƴaƴan talakawan unguwar San Lorenzo, a birnin Roma, waɗanda iyayensu ke wuni wurin aiki. Da idon likita ta dube su: ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayinsu, ana auna nauyinsu, ana koya musu wanke hannu da share ɗaki. Ta soke horo, kowane yaro ya zaɓi aikinsa da kansa. Da ta saɓa da gwamnatin Musolini, ta bar ƙasar a 1934. Ta rasu a Holand cikin 1952.