Camille Jordan

Marie Ennemond Camille Jordan (5 ga Janairu, 1838 – 22 ga Janairu, 1922) masanin lissafi ne ɗan ƙasar Faransa. An fi saninsa da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa game da rufaffen layi, wadda a yau manhajojin zane na kwamfuta ke dogaro da ita wajen gane cikin siffa da wajenta kafin su cika ta da launi.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Lyon. Mahaifinsa injiniya ne, mahaifiyarsa kuma 'yar'uwa ce ga shahararren mai zane Pierre Puvis de Chavannes. A shekarar 1855 ya shiga makarantar École Polytechnique da ke Faris, ya fito injiniyan ma'adinai, yana nazarin lissafi a lokacin da ya samu sarari. Ya sami digirin digirgir a 1861.

Aiki

A 1870 ya wallafa Traité des substitutions, littafi na farko da ya tattara nazarin rukunoni ya kuma fayyace aikin Évariste Galois, wanda ya mutu yana ɗan shekara 20. Littafin ya jawo masa kyautar Poncelet. Ya zama farfesa a École Polytechnique a 1876, aka zaɓe shi cikin Majalisar Kimiyya ta Faransa a 1881, sannan ya fara koyarwa a Collège de France a 1883. Daga 1885 har rasuwarsa shi ne editan mujallar lissafi da Joseph Liouville ya kafa.

Ƙa'idar rufaffen layi

Ƙa'idar ta fito ne a littafinsa Cours d'analyse a 1887. Abin da ta ƙunsa shi ne: duk layin da aka ja a kan shimfiɗa ba tare da ɗaga alƙalami ba, ya koma inda ya fara, bai kuma tsallake kansa ba, to ya raba shimfiɗar gida biyu cak, ciki da waje. Ba a fita daga ɗaya zuwa ɗaya sai an ƙetare layin, kamar akuyar da ke cikin danga marar kafa.

Maganar kamar ba ta buƙatar hujja, kuma a kan da'ira ko murabba'i ido kaɗai ya isa. Wahalar tana ga layin da ya yi ta lanƙwasa yana nannaɗewa har ido ya kasa bin sa. Jordan ne ya fara kawo hujja a rubuce. A 1905 Ba'amurke Oswald Veblen ya ga hujjar ba ta gamsar ba, ya kawo tasa, kuma kusan ƙarni guda littattafai suna maimaita cewa ta Jordan tana da giɓi. A 2007 Thomas Hales ya sake bin hujjar daki-daki, ya nuna cewa a asali daidai take.

Alaƙarta da zane a kwamfuta

Jordan bai ga kwamfuta ba, amma tambayarsa ce manhaja ke amsawa a kan kowane ɗigon allo: wannan ɗigo yana ciki ne ko waje? Hanyar da aka saba bi ita ce a ja miƙaƙƙen layi daga ɗigon zuwa can nesa, a ƙirga sau nawa ya ƙetare iyakar siffar. In adadin mara ne, wato 1, 3 ko 5, ɗigon yana ciki, sai a shafa masa launi. In cika ne, wato 0, 2 ko 4, yana waje.

Idan layin ya tsallake kansa, kamar a tauraro mai tsini 5 da aka zana da ja ɗaya, ko a Dagin Arewa, sharaɗin Jordan ya karye, dole mai rubuta manhaja ya zaɓi doka. Dokar mara da cika tana barin tsakiyar tauraron fayau. Ɗaya dokar, mai lura da sau nawa layin ya kewaye ɗigon da kuma ta wane ɓangare, tana cika shi duka. Shi ya sa tsarin zane na Windows, da PostScript, da SVG duk suka tanadi dokokin biyu. Haka kuma bokitin fenti na Microsoft Paint: in an bar kafa ko ta ɗigo ɗaya ce a jikin iyaka, launin sai ya malale ya cika allon, domin layin bai rufe ba.

Akwai kuma ma'aunin Jordan, hanyar auna faɗin siffa ta jera ƙananan murabba'ai a cikinta da kewayenta, wadda ta yi kama da yadda allo ke gina siffa daga ɗige-ɗige.

Iyali da rasuwa

Ya yi aure a 1862, ya haifi 'ya'ya 8, maza 6 da mata 2. Uku daga cikin mazan sun mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya yi ritaya a 1912, ya rasu a Faris yana da shekara 84. Akan rikita shi da Bajamushe Wilhelm Jordan, wanda ake haɗa sunansa da na Gauss a wata hanyar warware lissafi, alhali mutane biyu ne daban.