Theodor Billroth: Likitan da ya yanke tumbin mutum aka kuma tashi

Mai karatu, idan aka shiga da wani ɗan Dichemso ko Aboabo ɗakin tiyata a asibitin Komfo Anokye na Kumasi, wanda dattawanmu suka fi sani da Ji, aka ce za a yanke masa wani sashe na tumbi, da wuya likitoci su gama shawara ba su ambaci sunan wani Bajamushe da ya mutu tun 1894 ba. Sunansa Theodor Billroth, kuma har gobe iri biyu na wannan aiki da sunansa ake kiran su, wato Billroth na ɗaya da Billroth na biyu.

An haife shi ranar 26 ga Afrilu, 1829, a garin Bergen da ke tsibirin Rugen a arewacin Jamus. Mahaifinsa limamin coci ne, ya rasu ya bar shi yana ɗan shekara 5. Yaron kiɗa ya so yi, mahaifiyarsa ce ta karkata shi ga likitanci. Ya kammala a Balin a 1852, ya buɗe wurin duba marasa lafiya na kansa amma kasuwa ta ƙi, sai ya koma yaron babban likitan fiɗa Langenbeck. A 1860 ya zama farfesa a Zurik ta Suwizalan, a 1867 kuma ya koma Biyana, babban birnin Ostiriya. Kiɗan dai bai bar shi ba, domin amininsa shi ne shahararren mai tsara kiɗa Johannes Brahms.

Tun a Zurik ya ɗauki wata ɗabi'a da ba kasafai likitocin zamaninsa ke yi ba: yakan buga lissafin duk waɗanda ya yi wa aiki, da wanda ya warke da wanda ya mutu. A ganinmu wannan bai gaza wuƙarsa daraja ba. Ɗan kasuwar da riba kaɗai yake rubutawa a littafi, kowa ya san inda jarinsa ke ƙarewa.

A wancan lokaci, wanda ciwon daji ya toshe wa ƙofar tumbi sai dai a jira ajali, domin duk abin da ya ci amai ne. Wani likitan Faransa mai suna Pean ya gwada yankewa a 1879, Rydygier ɗan Folan ya gwada a 1880, duka marasa lafiyar ba su tashi ba. Su kuwa yaran Billroth sun daɗe suna gwaji a kan karnuka. Ranar 29 ga Janairu, 1881, ya yi wa wata mata mai shekara 43, Therese Heller, aikin kimanin awa ɗaya da rabi. Ya cire ɓangaren da ya lalace, ya ɗinke ragowar tumbin da bakin hanji. Matar ta tashi ta ci abinci ta koma gida. Bayan kamar wata 4 ciwon da ya riga ya yaɗu ya yi ajalinta, amma an tabbatar mutum na iya rayuwa da ragin tumbi.

A Janairun 1885 ya fito da hanya ta biyu. Idan abin da aka yanke ya yi yawa har bakunan biyu ba za su haɗu ba, sai a toshe bakin hanji na farko, a jawo wani ɓangaren hanji daga ƙasa a ɗinke shi da tumbin. Kamar gada ce ta karye aka yi wa motoci ratse.

To a nan gizo ke saƙar. Hanjin da aka ɗago yakan bar wata ƴar kafa a bayansa, tsakanin tantanin da ke riƙe da hanji. Wata rana sai sauran hanjin ya zurara cikin kafar, kamar akuya ta cusa kai a ɓular danga, ya murɗe, jini ya daina isa gare shi, cikin awoyi ya fara ruɓewa. Billroth bai kai ga ganin bayanin wannan ba. A 1900 ne Walther Petersen ya bayyana shi a Heidelberg, inda Czerny, almajirin Billroth, ke shugabancin tiyata, kuma da sunan Petersen ake kiran matsalar. Akwai ƙanwarta wadda ta fi ta ƙaranci, inda hanji ke naɗewa ya koma cikin tumbi ta wurin ɗinkin, kamar an juya hannun riga.

Abin da ya sa muka tsaya a kan wannan shi ne, ba kowa yake samu ba, amma yana iya tasowa bayan shekaru, lokacin da mutum ya manta ma an taɓa yi masa aiki, yana can Paga ko Aflao ko Elubo ko Sankasi da kayansa. Alamun su ne murɗar ciki mai zuwa ta tafi, musamman bayan cin abinci, da amai kore ko mai jini, da kumburin ciki, da ɗaukewar bayan gida da tusa. Mai tsohon tabon aikin tumbi da ya ga haka, kanwa da jiƙo da maganin gyambon ciki na kemis ɓata lokaci ne. Ya nufi babban asibiti, ya kuma faɗa wa likita tun farko wane aiki aka yi masa da shekarar. Mai yawan tafiya ya riƙa ajiye takardar asibitin tare da katin shaidarsa. Likitoci kan yi hoton CT, wani lokaci su zura na'urar leƙa tumbi ta baki. Hoton ma yakan kuskure, shi ya sa idan zargi ya yi ƙarfi sukan shiga ciki su duba. Maganin shi ne a zaro hanjin, a yanke inda ya mutu idan akwai, a ɗinke kafar. Tun da aka gano a farkon shekarun 1980 cewa ƙwayar cuta ce ke jawo yawancin gyambon ciki, yanke tumbi saboda gyambo ya ragu ƙwarai, amma ana yi saboda ciwon daji da rage ƙiba.

Shi Billroth ba a rasa masa tabo ba. A wani littafi da ya rubuta kan koyar da likitanci a tsakiyar shekarun 1870, ya yi kalaman ƙasƙanci ga ɗalibai Yahudawa matalauta da ke zuwa Biyana daga gabas, abin da ya tayar da rikici a jami'a. Daga baya ya shiga ƙungiyar yaƙi da ƙyamar Yahudawa. Shi ne kuma ya tsaya aka kafa asibitin Rudolfinerhaus mai makarantar horar da nas-nas.

Ciwon zuciya ya ci ƙarfinsa a ƙarshen rayuwa, ya mutu ranar 6 ga Fabrairu, 1894, a garin Abbazia na bakin teku, wanda yanzu ake kira Opatija a ƙasar Kuroshiya. Sai a 1895 aka gano hoton ƙashi, ke nan duk aikin da ya yi da ido da hannu ya yi shi. Guntun tumbin da ya cire wa Therese Heller yana ajiye a gidan tarihin likitanci na Josephinum da ke Biyana.