Dakta Seuss: Marubuci Mai Tsimin Kalmomi

An haifi Theodor Seuss Geisel ranar 2 ga watan Maris na shekarar 1904 a garin Springfield da ke jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka. Kakanninsa Jamusawa ne da suka yi ƙaura zuwa can, kuma sana'ar gidansu ita ce dafa giya. Da gwamnati ta haramta sayar da barasa a shekarar 1920, masana'antar ta rufe, daga bisani mahaifinsa ya koma aikin kula da lambunan shaƙatawa na garin, ciki har da gidan namun daji. Tun yana yaro Theodor yake zuwa wannan wuri da takarda da fensir yana zana dabbobi, sai dai dabbobin nasa ba su taɓa yin kama da na cikin keji ba.

Ya yi karatu a Kwalejin Dartmouth, inda ya zama editan mujallar barkwanci ta ɗalibai. Da aka kama shi yana shan barasa tare da abokansa, hukumar makaranta ta cire shi daga muƙamin, sai ya ci gaba da rubutu a ɓoye yana sa hannu da Seuss, wato sunan gidan mahaifiyarsa. Bayan ya kammala a 1925 ya tafi Jami'ar Oxford ta Ingila da niyyar zama malamin adabi, amma bai gama ba. A can ya haɗu da Helen Palmer, wadda ta ga zane-zanen da ya cika littafinsa na aji da su, ta ba shi shawara ya bi wannan hanya. Sun yi aure a 1927. Laƙabin Dakta kuwa shi ya liƙa wa kansa don raha, tun kafin wata jami'a ta ba shi digirin girmamawa.

Shekaru da dama ya yi yana ci da iyalinsa da zanen tallace-tallace, musamman na maganin ƙwari mai suna Flit. Littafinsa na farko na yara ya fito a 1937, bayan kamfanonin ɗab'i fiye da 20 sun ƙi karɓarsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya zana hotunan shaguɓe na siyasa sama da 400 a jaridar PM, sannan ya shiga soja a 1943, aka tura shi sashen shirya finafinai. Wasu daga cikin zanensa na wancan zamani sun ci zarafin Japanawa, kuma wannan tabo ne da bai goge daga tarihinsa ba. Bayan ya ziyarci Japan a 1953 ya rubuta Horton Hears a Who!, labarin wata giwa da ta ji murya daga ƙwayar ƙura, ta gane cewa gari guda ne na ƙananan halittu a kanta, ta tsaya tsayin daka wajen kare su. Ya sadaukar da littafin ga wani abokinsa Bajapane.

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne tsimin kalma. A tsakiyar shekarun 1950 an yi ta kuka a Amurka cewa yara ba sa iya karatu saboda littattafan makaranta ba su da armashi. Wani jami'in kamfanin ɗab'i ya ba shi jerin kalmomi masu sauƙi, ya nemi ya tsara labari da su kaɗai. Aikin ya ci masa watanni masu yawa, kafin The Cat in the Hat ya fito a 1957 da kalmomi daban-daban 236 kacal. Bayan shekara uku ya rubuta Green Eggs and Ham da kalmomi 50. Mai karatu zai ɗauka irin waɗannan littattafai a zama ɗaya ake rubuta su, alhali kuwa yakan rubuta shafi, ya soke, ya sake, har sai kari da amsa-amon baitukan sun zauna.

Shi ya sa bai saki jiki da masu shirya fim ba. Dogon fim ɗin da ya rubuta, wanda ya fito a 1953, bai samu karɓuwa ba, kuma abin ya daɗe yana yi masa ciwo. Ya dai amince wa tsohon abokin aikinsa na soja, Chuck Jones, ya mayar da labarin Grinch gajeren fim ɗin zanen hannu na talabijin a 1966, wanda bai kai rabin awa ba. Helen ta rasu a 1967, ya auri Audrey a shekarar da ta biyo baya. Ya rasu ranar 24 ga Satumba 1991 a La Jolla ta jihar Kalifoniya yana da shekara 87, bai bar ɗa ko 'ya na cikinsa ba.

Bayan rasuwarsa, ragamar littattafan ta koma hannun Audrey. Ta ba da izini an yi finafinai biyu da 'yan wasa, a 2000 da 2003, amma na biyun ya ɓata mata rai ƙwarai, ta hana a sake yin irinsa. Daga nan aka koma ga zanen kwamfuta. Kamfanin Blue Sky ya fitar da Horton a 2008, kamfanin Illumination kuma ya fitar da The Lorax a 2012 da The Grinch a 2018. Na ƙarshen ya tara fiye da dala miliyan 500 a sinimomin duniya. Gaskiya ne kwamfuta ta fi kyamara dacewa da gidajensa masu karkata da dabbobinsa masu gashi buzu-buzu. Matsalar tana wajen tsawo: littafin da uwa za ta karanta wa ɗanta kafin ya yi barci, an buƙaci ya cika kusan awa ɗaya da rabi. Dole aka yi ciko. A fim ɗin Horton, alal misali, an ba magajin garin 'ya'ya mata 96 da ɗa namiji guda, aka ɗora labarin uba da ɗa a kan na asali.

Cikon ya fi yin illa ga The Lorax. Geisel ya tsara yawancin littafin ne yayin wata ziyara a ƙasar Kenya a 1970, aka buga shi a 1971. Labari ne na ɗan kasuwa da ya sare itatuwa kaf don ya sami riba, har ƙasa ta zama kufai. Ba a taɓa nuna fuskar mutumin ba, hannuwansa kawai ake gani, domin kowa na iya zama shi. Littafin ya ƙare da miƙa wa yaro ƙwayar iri ta ƙarshe, ba a faɗi ko ta tsiro ba. Fim ɗin kuwa ya ba ɗan kasuwar fuskar saurayi mai fara'a, ya ƙirƙiro wani mugun attajiri mai sayar da iska a kwalba don a ɗora masa laifi, ya ƙara labarin soyayya, sannan ya nuna an shuka irin ya tsiro. Nauyin da marubucin ya ɗora a kan yaron da ke karatu, fim ɗin ya sauke masa shi. Har ila yau, an yi amfani da Lorax, mai magana da yawun itatuwa, wajen tallata motar kamfanin Mazda, abin da ya jawo suka mai yawa.

Audrey ta rasu a watan Disamba na 2018, makonni kaɗan bayan fitowar The Grinch. A 2021 kamfanin da ke kula da ayyukan mijinta ya daina buga shida daga cikin littattafansa, saboda hotunan da suka wulaƙanta wasu al'ummu, ciki har da 'yan Afirka da mutanen Asiya. Littafinsa na farko, na 1937, yana cikin shidan.