Wiliyam Tarna, ɗan wanzami gwanin fentin ruwa

An haifi Wiliyam Tarna a birnin Landan, cikin ƙasar Ingila, a shekara ta 1775. Ubansa wanzami ne. Tun yana ƙarami yake son zane. Uban yakan rataya zanen yaron a shagonsa, masu zuwa aski su saya da kuɗi kaɗan.

Yana da shekara 14 ya shiga babbar makarantar zane ta Landan. Amma fentin ruwa, a gidan wani likita mai suna Monro ya ƙware da shi. Likitan nan ya tara zane-zanen gwanaye, har da na Kozens, wanda ya zana duwatsun Suwis da na Italiya. Wajen 1794 Tarna da abokinsa Gartin suka fara zuwa gidan da maraice. Shekara uku suka yi suna kwaikwayon aikin Kozens. Gartin ya ja layi da fensir, Tarna ya sa launi. In sun gama, likita ya ba su abincin dare da ɗan kuɗi.

Fentin ruwa ba ya son gaggawa. Ana dama launi da ruwa, a shafa bisa takarda da buroshi. Da launi mai haske ake farawa, a jira ya bushe, kana a ɗora mai duhu. Inda ake son haske sosai, sai a bar farin takarda yadda yake. In hannu ya kuskure, gyara da wuya. Saboda haka mai kwaikwayo sai ya lura da kyau: ina gwani ya yawaita ruwa, ina kuma ya rage shi. Ta haka Tarna ya koyi nuna hazo, da nisa, da hasken rana bisa tabki.

A 1802 ya tafi Suwis, ya ga duwatsun nan da idonsa. A 1819 ya je Italiya. A lokacin ya riga ya sami tasa hanyar zane, launinsa ya fi na Kozens haske.

Tarna ya mutu a 1851. Ya bar wa ƙasarsa zane-zanen takarda wajen dubu 30. Yawancinsu suna ajiye a gidan Tate, a Landan.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin Tarna a gidan likita?
2. Don me ake barin farin takarda a wani wuri?