Alhaji Alhassan Ɗantata: Attajirin Da Ya Sada Manomin Gyaɗa Da Kasuwannin Ƙetare

A cikin jerin mutanen da suka ɗaga sunan Kano a fagen ciniki, babu wanda ake ambato kamar Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata. Mun kawo tarihinsa a wannan shafi domin manomanmu da dagatai da jami'an ƙananan hukumomi su ga yadda aka taɓa gina kasuwar da ta riƙa ɗaukar amfanin gonarmu zuwa ƙasashen waje shekara da shekaru.

An haifi Alhassan a garin Bebeji a shekarar 1877, a gidan Agalawa, waɗanda suka shahara da fatauci. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne mai bin hanyar Gwanja. Ya rasu Alhassan yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara ta ƙasar Gana a yau, inda ta ci gaba da sana'arta. Sai rainonsa ya koma hannun wata dattijuwa da ake kira Tata, daga nan ne laƙabin Ɗantata ya samo asali. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana haɗawa da 'yan ƙananan saye da sayarwa domin ya ciyar da kansa. Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya same shi yana saurayi, ya kuma sha wahalar wannan zamani kamar sauran jama'ar ƙasar.

Da ƙura ta lafa, sai ya bi sawun mahaifinsa. A wancan lokaci ayari yakan shafe watanni tsakanin Kano da ƙasar Asante, ana kai kanwa da tufafi da kayan fata, a dawo da goro a kan jakuna. Alhassan ya lura cewa jirgin ruwa zai rage wannan doguwar tafiya. A wajajen 1906 ya fara ɗora goro a jirgi daga gaɓar Ankara da Sakwandi zuwa Ikko, yana kuma sayen tsakiya da yadudduka na Turawa. Cinikin goro ne ya koya masa riƙe wakilai a garuruwa masu nisa, da bayar da kaya bashi, da cika alkawari a kan lokaci, domin goro ba ya jiran mai jinkiri.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauya al'amura. Turawan mulki sun sa rai auduga za a riƙa ɗauka zuwa masaƙun Ingila, amma manoma suka fi karkata ga gyaɗa. Dalili kuwa a fili yake: tana son jigawa, ana shuka ta tare da gero da dawa, tana gyara ƙasa, idan kuma farashi ya faɗi iyali za su iya ci ko su matse mai. A Turai kuwa masana'antun man girki da sabulu suna neman ta ido rufe. Matsalar kamfanonin Turawa ita ce ba su san ƙauyuka ba, manomi kuma bai san su ba. Tilas suka nemi attajiran gari irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo su tsaya a tsakani.

A shekarar 1918 Alhassan Ɗantata ya ƙulla hulɗar sayen gyaɗa da kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin kamfanin UAC a 1929.  Tsarin aikinsa shi ne ya ba yaransa da wakilansa jari tun kafin kaka, su bazu kasuwannin karkara da sikeli da buhuna, su saya su tara, a yi jigila da jakuna da raƙuma, daga baya da manyan motoci, zuwa bakin tashar jirgi. Kamfani ya san nauyin da aka yi masa alkawari zai iso, manomi kuma ya san mai saye zai dawo baɗi. Cikin 'yan shekaru ya zarce sauran attajiran Kano. A 1929, tarihi ya nuna ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 reshen bankin Bank of British West Africa na Kano.

Da sunansa ake danganta dalar gyaɗa. Jirgin ƙasa ba ya iya kwashe abin da aka saya a kaka ɗaya, don haka ake jera dubban buhuna a tsari mai tsini, a rufe da tamfol har layi ya zo kansu. Daga 1949 sayar da gyaɗa a ƙetare ya koma hannun hukumar ciniki ta gwamnati, wadda take yanka farashi, take kuma tantance kaya kafin su fita, 'yan kasuwa suna saya mata bisa lasisi.

Duk da yawan dukiyarsa, an san shi da sauƙin kai da tsantseni wajen kashe kuɗi. Ya sauke farali, ya kuma taimaki alhazai da malamai. Da ya ji ciwon ajali, ya tara 'ya'yansa ya hore su da su riƙe kasuwancin a dunƙule, kada su raba shi. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari. Alhaji Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Kasuwar da ya taimaka aka gina ta rayu bayansa, har Nijeriya ta shiga sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa a shekarun 1960. Amma fari na farkon shekarun 1970, da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975, da karkatar hankali ga man fetur, sun haɗu sun kawar da dalar gyaɗa. An rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986.

A yau riɗi da zoɓo da citta suna fita daga kasuwar Dawanau zuwa ƙasashen duniya, kuma sharaɗin da Ɗantata ya kiyaye bai canza ba. Mai saye a ƙetare yana dawowa ne wurin wanda kayansa suke da tsabta, awonsa yake cike, alkawarinsa kuma bai tashi ba. Mun ga abin da ya faru a 2015, sa'ad da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Laifin kaɗan ne, amma kowane manomi ya ɗanɗana.

Don haka muna kira ga manoma da su shanya amfaninsu ya bushe sosai, su guji cakuɗa shi da ƙasa ko tsakuwa, su nemi shawarar malaman gona kafin su zuba maganin ajiya. Muna kuma roƙon hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi su sa ido a kan mudu da sikeli a kasuwanninsu, su ƙarfafa ƙungiyoyin manoma domin su iya ƙulla yarjejeniya mai ɗorewa da masu fitar da kaya.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.